Ranar da Anti Tafireta Ta Kulle Rumbu

Takarda guda ce mai layi tara. Manaja ya turo ta kan tebur da ɗan yatsa, ya ɗora biro a kai. Anti Tafireta ta gyara zaman tabarau ta fara karantawa. Shekara talatin da tara ke nan tana bin rubutun mutane tana tsamo kuskure, don haka tun kafin ta gane inda takardar ta dosa, idonta ya riga ya cafke kurakurai biyu a layi na uku. Abin da takardar ke cewa shi ne, ita, shugabar sashen shirya rubutu ta wannan maɗaba'a, ta amsa cewa da sakacinta ta goge littafin wani abokin hulɗa mai shafi ɗari uku da goma sha biyu, tana neman afuwa, kuma ta yarda a sauke ta daga kujerarta a mayar da ita teburin karɓar baƙi.

"Sa hannu kawai, Anti," in ji Manaja. "Magana ta mutu a ɗakin nan."

"Ban goge ba."

"Kwamfuta ta ce ke ce."

"To kwamfutar ta zo ta sa hannu."

Ta ture bironsa gefe, ta zaro nata ja daga jaka, ta gyara kurakuran nan biyu, ta mayar masa da takardarsa. Manaja ya haɗe rai, ya ce ya ba ta kwana uku: ko ta sa hannu, ko ta ajiye makullin ɗakinta ta kama gabanta. Ta ce ta ji. Ta ɗauki kwafin rahoton da mai gyaran kwamfuta ya buga, ta ninke shi biyu ta jefa a jaka, ta fita ba ta ko ja masa ƙofa ba.

Wanda bai san ta ba zai ce taurin kai ne. To, taurin kan yana nan, ba wanda zai musa. Tana da shekara goma sha tara ta shigo gidan da 'yar takardar shaidar koyon buga rubutu a hannu. Marigayi Maigida, uban Manajan nan, ya miƙa mata wasiƙa ya ce ta buga ya gani. Ta buga ba ta kalli yatsunta ba, ta miƙa masa, sannan ta ce a layi na biyu ya rubuta kalma ba daidai ba, ta gyara masa. Mutanen ofis suka zuba ido, suna jiran a kore ta. Maigida ya tuntsire da dariya ya ce gobe ta zo da wuri. Daga ranar, ƙarar tafiretarta ce agogon gidan: in an ji ta, an buɗe, in ta yi shiru, an tashi. A haka sunan ya bi ta, har 'ya'yanta a gida in suna son tsokanarta da shi suke kiranta. Shi kuwa Manajan da ke ba ta wa'adi yau, ta sha share masa majina, ta sha shimfiɗa masa ragowar takardu a ƙarƙashin teburinta ya yi barcin rana in an dawo da shi daga makaranta.

Lokacin da kwamfuta ta shigo gidan tana da shekara arba'in da ɗoriya, samarin da ke zane a saman bene suka fara yi mata kallon wadda kwananta ya ƙare. Ta daina fita hutun rana wata shida cur, tana zaune tana danne-danne tana ɓatawa tana gyarawa. Kafin shekara ta zagayo su ne ke leƙowa ɗakinta suna cewa, "Anti, don Allah zo ki duba mini, shafin nan ya ƙi zama."

Ginin hawa biyu ne. A sama masu zane suke, da ɗakinta, da ofishin Manaja. A ƙasa ɗakin faranti yake, inda ake ƙona shafuka a jikin farantan da injin bugu ke ɗauka, sai injinan kansu, sai masu yanka da ɗinkin littafi. A tsallaken titi kuma akwai ɗan shagon da ake buga bangon littafi mai launi. Da can in an gama shirya aiki a sama, sai a zuba a filashi a sauka da shi, a hau, a sauka, a tsallaka titi. Filashi ya ɓata, filashi ya kwaso cuta, a buga tsohon gyara a bar sabo. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce Maigida ya gaji, ya kira wani injiniya. Injiniyan ya ja shuɗayen wayoyi ta cikin silin, ya ajiye wani baƙin akwati mai faifan ajiya a ƙarƙashin teburin Anti, ya buɗe folda guda a cikinsa wadda kowace kwamfuta a gidan za ta iya shiga. Duk inda kake zaune, ko a tsallaken titi ne, ka buga 'yan sanduna biyu a karkace, ka buga sunan akwatin, ka ba da suna da kalmar sirri, sai foldar ta buɗe a gabanka kamar a cikin taka kwamfutar take. Alhali fayilolin suna can ƙarƙashin teburin Anti, kusa da takalmanta. Ma'aikata suka sa wa foldar suna Rumbu.

Anti ta bi injiniyan nan kwana uku da ɗan littafinta, har ya fara gajiya da tambaya. Ya nuna mata yadda ake buɗe wa mutum suna, da yadda ake karanta rajistar da akwatin ke rubutawa ta wa ya shiga, me ya taɓa, ƙarfe nawa. Ya ba kowace kwamfuta lambarta, ita kuma ta rubuta lambobin a salatif ta manna a gindin kowacce. Ranar da zai tafi ya ce a ba shi sunayen ma'aikata, ya buɗe wa kowa nasa. Maigida ya ce wa ke da wannan lokacin, ga aikin kalanda a wuya. Mai faranti ya ce shi lambar wayarsa ma da ƙyar ya haddace. Sai Anti ta ce, "A yi amfani da nawa, mu samu mu wuce wurin." Injiniya ya buga TAFIRETA, ya kaɗa kai, ya ɗauki jakarsa.

Nan wautar take, kuma kowa a gidan yana da hannu a ciki, har da ita. Shekara goma sha ɗaya mutum goma sha shida suna shiga Rumbu da suna guda. Kalmar sirrin tana manne a goshin kowace kwamfuta a 'yar takarda, ta yi baƙi da dauɗar hannu. Mai shara ma ta haddace ta.

Littafin da ya ɓata na wani tsohon hedimasta ne mai shekara tamanin da ɗaya, labarin aikinsa na koyarwa. Wata huɗu Anti ta yi tana kwafe shi daga littattafan rubutunsa. Da idonsa ya raunana, sai ya riƙa zuwa ya zauna kusa da ita tana karanta masa, yana gyarawa da baki, yana ƙara abin da ya tuna. Rabin abin da ke cikin littafin ba ya ko'ina a duniya sai a Rumbu. Sau uku ta ce wa Manaja a sayo faifai na biyu a riƙa ajiye kwafi, sau uku yana cewa a bari a gama kalanda. Ranar Litinin da safe ta buɗe Rumbu, babu foldar littafin. Ta duba kwandon sharar kwamfutarta, wayam. Ta san dalili tun kafin ta duba: abin da aka goge ta cikin waya daga wata kwamfuta ba ya faɗawa kwando, tafiya yake kai tsaye. Mai gyara ya zo ya yi kwana biyu yana fama, amma hotunan kalandar da aka zuba ranar Lahadi sun riga sun hau gurbin. Abin da ya iya fitarwa kawai shi ne rahoton rajista: Asabar, ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu na yamma, TAFIRETA, gogewa.

Ta gaya wa Manaja tun a ranar, "Kai ma da sunan nan kake shiga."

Ya ce, "Shi ya sa alhakin yake kanki. Suna naki, akwati a ƙarƙashin teburinki. Dattijon nan sai na nuna masa wanda ya yi."

Da yammar ranar da aka ba ta wa'adi ta iso gida ta tarar da mijinta a baranda yana gyaran rediyon da ya fi shekara biyar yana gyarawa. Tsohon direban bas ne, mai sanyin hali, wanda bai taɓa cin gardama da ita ba kuma bai fasa gwadawa ba. Ta ba shi labari a tsaye, jaka a kafaɗa.

"To ki sa hannun mana," ya ce. "Teburin baƙi ma kujera ce. Gwiwarki ma ta huta da hawa bene."

"Malam, da aka ce kai ka buge shanun mutumin nan a hanya, ka sa hannu?"

"Wannan ai daban ne, ban buge ba."

"Ni na goge?"

Ya mayar da kansa kan rediyo. Can ya ce, "Ni dai na san ki. In kin kafe, ko motar janwe ba ta ciro ki. Shayi yana cikin fulas."

Ta zauna ta buɗe rahoton a cinya, da sauran hasken rana. Manaja ya karanta shi har inda ya ga sunanta ya tsaya. Ita kuwa aikinta ke nan, bin layi har ƙarshensa. A can gefen dama, bayan suna, bayan lokaci, akwai jerin lambobi masu ɗigo a tsakani, adireshin kwamfutar da aka yi aikin daga gare ta. Ta sa ɗan yatsa ta bi. Lambar ƙarshe goma sha huɗu ce. Kwamfutarta lamba biyu ce. Goma sha huɗu kuwa, ita da hannunta ta rubuta ta manna a ɗakin faranti.

Mutum ɗaya ne ke zama a ɗakin faranti, Dogo. A shekara ɗaya suka fara aiki a gidan, ita da shi. Yaya yake kiranta. Lokacin da bas ɗin mijinta ta kife aka rasa jini, Dogo ne ya nannaɗe hannun riga ya ba da leda biyu, ya tashi yana jiri yana cewa ba komai. Kwana tara ke nan da ɓatan littafin, kullum da safe sai ya gaishe ta a gindin matakala ya ce, "Yaya, Allah zai fito da gaskiya."

Ba ta buƙaci kowa ya gaya mata yadda abin ya faru ba. Ka'idar ɗakin faranti ce tun zamanin da ake ɗaukar shafi a fim, kafin kwamfuta: abin da aka ƙona a faranti, a share shi daga tebur, kada ya cakuɗe da sabon aiki. Dogo bai taɓa yarda a ransa cewa Rumbu yana sama ba. Abin da ya gani a fuskar kwamfutarsa, a wurinsa nasa ne. Ya ƙona shafi talatin da biyu na farko ranar Asabar, ya ga alamar cikar ma'ajiya ta yi ja, ya share tebur kamar yadda aka koya masa tun yana saurayi. Kuskuren bai ƙona mata rai sosai ba, don ta san ita ta buɗe masa ƙofar da sunanta. Shirun kwana taran nan ne ya tsaya mata a rai, har shayin ya huce ba ta sha ba.

Washegari ƙarfe bakwai tana ofis. Ta buɗe ɗan tsohon littafinta, ta shiga akwatin, ta canza kalmar sirrin TAFIRETA. Sannan ta bi ɗaki-ɗaki, sama da ƙasa har tsallaken titi, tana ɓamɓare 'yan takardun nan daga goshin kwamfutoci, ta dunƙule su ta zuba a kwandon shara na gaske. Ta dawo ta zauna ta ɗora hannu a kan tebur.

Ƙarfe takwas da kwata gidan ya ɗauka. Masu zane suna buga kalmar da yatsunsu suka sani, kwamfuta tana cewa an hana shiga. Mai bango ya tsallako titi da gudu-gudu. Masu inji suka tsaya cirko-cirko, ga takarda an loda, ga tawada an zuba, babu abin bugawa. Manaja ya shigo ɗakinta yana huci.

"Anti, me kika yi wa Rumbu?"

"Rumbu lafiyarsa lau. Sunana na karɓe."

"Ba ni kalmar sirrin."

"A'a."

"Kayan kamfani ne."

"Akwatin na kamfani ne, ga shi nan, ɗauki abinka. Sunan kuwa da bakinka ka ce nawa ne, ka ce alhakinsa yana kaina. To abin da alhakinsa ke kaina ni zan riƙe shi. Duk mai son shiga ya zo in buɗe masa nasa, minti biyu ne. Naka ma na buɗe, saura ka zauna ka buga kalmar da kake so. Zan kau da kai."

Ya ce zai kira mai gyara ya fasa. Ta ce ya kira, amma mai gyara sai ya yini, masu kalanda kuma ƙarfe biyar za su turo mota. Ya tsaya yana kallonta, ita ma tana kallonsa ta saman tabarau, irin kallon da take masa yana ɗan shekara bakwai in ya ce ba shi ya zubar da gam ba. A ƙarshe ya ja kujera ya zauna ya buga, da ƙarfi kamar zai fasa madannan.

Daga nan layi ya kafu a ƙofarta. Kowa ya zo ta buɗe masa suna, ta ware masa inda zai iya gogewa da inda sai dai ya duba ya kwafa. Shugabar masu ɗinki ta ce ita a sa mata sunan mijinta a kalmar sirri, don shi ne abin da ba ta iya mantawa ko ta so. Aka yi dariya. Wani mai zane ya nemi biro zai rubuta tasa ya manna, Anti ta ce in ta ga takarda a goshin kwamfutarsa a goshinsa za ta mayar da ita. Kafin ƙarfe goma mutum goma sha huɗu sun wuce. Saura ɗaya.

Dogo ya ce yana wanke tire-tiren sinadari, ya ce injin ƙona faranti yana son dubawa. Sai da masu inji suka fara buga masa ƙofa suna neman faranti, sannan wajen sha biyu aka ji takunsa a matakala, a hankali. Ya shigo ya sunkuyar da kai saboda ƙofar, ya tsaya yana murza hularsa.

"Yaya, an ce ana rabon suna."

"Rufe ƙofar."

Ya rufe. Ta buɗe rahoton a kan tebur, ta ɗora ɗan yatsa a ƙarshen layin. Ya duba. Bai iya karanta irin wannan takarda ba, amma lambar da ke manne a gindin kwamfutarsa shekara goma sha ɗaya ya san ta. Ya nemi kujera ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Na ɗauka nawa kwafin ne," ya ce. "Wallahi na ɗauka naki yana sama. Da na ji ana nema ranar Litinin na buɗe kwando, ban ga komai ba. Sai tsoro ya kama ni."

"Na san yadda aka yi. Ba shi nake tambaya ba. Kwana tara, Dogo. Kana gaishe ni."

"Kullum sai in ce yau zan faɗa. Yaya, shekara biyu suka rage mini in yi ritaya. In aka kore ni da wannan tabon, ina zan sa kaina? Ban iya komai ba sai faranti."

"Ni na iya wani abu ne ban da wannan?"

Hawaye ya taru masa. Tausayinsa ya kama ta, kuma ta ji haushin kanta da ya kama ta.

"Saurara," ta ce. "Ba zan kira sunanka ba. Jininka yana jikin uban 'ya'yana, bakina ba zai iya ba. Amma ba zan sa hannu ba, ko gidan nan zai rushe. Abin da ya rage naka ne. Ofishinsa ga shi nan, ka san hanya. Yanzu matso ka buga kalmarka, masu inji suna jira."

Ya buga da yatsa ɗaya, sai da ya maimaita sau uku kafin ta zauna.

Rana ta uku Manaja ya tara shugabannin sassa a ofishinsa, wai don a yi komai a gaban shaidu. An sake buga takardar, an gyara kurakuran. Dogo yana can jikin bango, ya fi kowa tsawo, ya fi kowa sunkuyar da kai.

"Anti, wa'adi ya cika."

"Ban goge ba, ba zan sa hannu ba."

"To wa ya goge?"

"Rahoto yana hannunka. Ka karanta layin har ƙarshensa."

Manaja bai kalli rahoton ba. Idonsa ne ya ɗan gilma wajen bango ya dawo, ƙiftawa guda, amma ta gani. Nan take ta gane ashe ya sani, mai gyara ya gaya masa tun ranar farko. Mai faranti guda ne a gidan, kuma irinsa sun yi ƙaranci. Masu buga rubutu kuwa ko gobe ya liƙa sanarwa za su cika matakala. Lissafin da ya yi ke nan, yaron da ta yi wa shimfiɗa a ƙarƙashin teburinta. Zuciyarta ta yi zafi har ta ji a kunnuwanta, amma muryarta ba ta tashi ba.

Ta ba Dogo lokaci. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar, ta gyara zaman jaka. Ana jin injin ƙasa yana bugawa. Dogo ya buɗe baki, ya haɗiye yawu, ya rufe.

Ta ciro makullin ɗakinta ta ajiye a kan takardar, daidai inda aka bar wa sa hannu.

"Kafin ki fita ki rubuta mini kalmar sirrinki," in ji Manaja.

"Babu ita. Da safen nan na miƙa ragamar akwatin ga sunanka, na goge nawa. Daga yau duk abin da ya ɓata a Rumbu, mai shi zai gani da sunansa. Kuma ka sayi faifai na biyu, na gaya maka sau huɗu ke nan."

Ta sauka a hankali saboda gwiwa. Masu ɗinki suka tsayar da aiki suna kallonta, shugabarsu tana share ido. Ta kai bakin titi sai ta ji taku a bayanta.

"Yaya, ki yafe mini."

"Ba ni za ka gaya wa ba. Yana sama. Ka hau."

A cikin bas ta yi kukanta, ta juya fuska wajen taga, ba ta damu da wanda ya gani ba. Shekara talatin da tara ba wasa ba ce, kuma tana son aikin nan fiye da yadda ta taɓa faɗa wa kowa.

Kwana biyu bayan haka ta je gidan tsohon hedimasta da kanta. An riga an gaya masa ita ce. Ya saurare ta daga kujerarsa, ya juyo da kunnensa mai ji, ya ce, "Ke kika goge?" Ta ce a'a. Ya ce, "To ɗauko littattafan a kan kabad, mu fara." Wata biyar suka yi a falonta, a kan wata tsohuwar kwamfuta da 'yarta ta kawo mata. Wasu abubuwan ya tuna, wasu sun tafi ke nan, ciki har da babi guda kan malaminsa na farko wanda ya yi ta ƙoƙarin dawo da shi ya kasa.

Yanzu a falon nan take aiki. Tana buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki da kundin ɗalibai, tana gyara musu kuskure ko ba su nema ba. A maɗaba'a har yau sabbin ma'aikata in sun tambayi dalilin da kowa ke da nasa suna, sai a ce musu wata tsohuwa ce ta taɓa goge littafin mutane. Labarin yana dawo mata. Takan ce, "Su nuna takardar da na sa wa hannu."

Dogo ya yi ritayarsa lafiya, aka ba shi agogon bango. Duk ƙarshen wata yakan zo gidan da ledar lemo. Ya gaisa da mijinta a baranda, su ɗan taɓa maganar rediyo, sannan ya sunkuya ya shigo falo ya zauna a bakin kujera, hula a hannu. Ba ta taɓa korarsa ba. Takan tashi da gwiwar nan tata ta ɗebo masa ruwa, ta ajiye a gabansa, ta koma mazauninta.

"Ka hau?"

"Ban hau ba tukuna, Yaya."

"To sha ruwanka."

Sai ta juya ta ci gaba da bugu, shi kuma ya zauna riƙe da kofin har ya ga ya kamata ya tafi.